Daga Izmir zuwa Militus: kalmar gudana a tsohon Girkanci da lissafin haruffanta

Wanda yake son ganin yadda tsoffin Girkawa suka mayar da haruffa lambobi, ya kuma ga kogunan da suka sa maganar gudana ba ta barin bakinsu, ba sai ya je Atina ba. Gaɓar yammacin Turkiyya ta ishe shi. Garuruwa uku ne a jere daga arewa zuwa kudu: Izmir, wadda a da ake kira Simirna, sai Afisa kusa da garin Selcuk na yanzu, sannan Militus. Yankin nan ne Girkawa suke kira Iyoniya, kuma haruffan mutanensa ne Atina ta karɓa a hukumance a shekarar 403 kafin Miladiyya. A wannan jerin na bi su, da jadawalin haruffa a aljihu, domin in babu shi rabin abin da ke jikin duwatsun zai wuce mutum.

Haruffan rubutu 24 ne, amma lissafi yana buƙatar 27: tara na ɗaiɗaiku, tara na gomomi, tara na ɗaruruwa. Sai suka riƙe wasu tsoffin haruffa uku da suka fita daga rubutun yau da kullum suka cike gurbin. Ɗaiɗaiku su ne Α 1, Β 2, Γ 3, Δ 4, Ε 5, Ϝ 6, Ζ 7, Η 8, Θ 9. Gomomi: Ι 10, Κ 20, Λ 30, Μ 40, Ν 50, Ξ 60, Ο 70, Π 80, Ϙ 90. Ɗaruruwa: Ρ 100, Σ 200, Τ 300, Υ 400, Φ 500, Χ 600, Ψ 700, Ω 800, Ϡ 900. Ukun da aka riƙe su ne digama mai 6, koppa mai 90, da sampi mai 900.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya haddace abajada zai ji wannan jeri ba baƙo ba ne. Alfa, beta, gama, delta su ne alif, ba, jim, dal, ɗaya zuwa huɗu. Yota, kappa, lamda, mu, nu su ne ya, kaf, lam, mim, nun, goma zuwa hamsin. Tushensu ɗaya, haruffan Finikawa. A kan casa'in suka rabu: Girkawa sun yar da harafin da ke wannan gurbin, sai duk na bayansa suka matso da taki ɗaya. Shi ya sa ƙaf take 100 a wurinmu, koppa take 90 a wurinsu. Ra take 200 a wurinmu, ro take 100 a wurinsu. A riƙe wannan da kyau, domin kalmar da muke bi, ta gudana, da ro take farawa, kuma hannun da ya saba da hisabi zai rubuta 200 tun kafin ido ya duba jadawali.

A Izmir na fara da tsohuwar kasuwar Simirna, wadda suke kira Agora, a unguwar Namazgah, tafiyar ƙafa daga kasuwar Kemeralti. Girgizar ƙasa ta rushe birnin wajen shekarar 178 Miladiyya, aka sake gina shi da taimakon Sarkin Rum Markus Aureliyus. Abin da ya fi tsira shi ne benen ƙasa: dogayen rumfunan dutse masu bakuna a jere, da sanyi ko da rana ta take. Har yau ruwa yana fitowa a can ƙasa yana bin tsohuwar magudanar dutse, kana jin ƙararsa kafin ka gan shi. A jikin shafen bangon babban ɗakin taro na kasuwar ne masu tono suka gano rubuce-rubucen mutanen gari a 2003, wasu da tawada, wasu an karce su da tsinke, haɗe da zanen jiragen ruwa da na 'yan dambe da takobi. An buga su a littafi a 2016 ƙarƙashin jagorancin Roger Bagnall. Shafen ba ya jure taɓawa da danshi, saboda haka ba kullum ake barin baƙi su shiga wannan sashe ba. Gara mutum ya je da hotunan rubutun a hannu.

Wani ya rubuta a bangon: ina son wadda lambarta 1308. Wani kuma tasa 731. Sun ɓoye sunan, sun bar jimillar haruffansa. Gwada sunan Tuke, ΤΥΧΗ: 300 da 400 da 600 da 8, ya ba da 1308. Gwada Antusa, ΑΝΘΟΥΣΑ: 1, 50, 9, 70, 400, 200, 1, ya ba da 731. Sunayen nan hasashen masana ne, domin lamba ɗaya tana iya dacewa da sunaye da yawa. Hikimar ɓoyon ke nan. Ita mai sunan za ta ƙirga ta gane kanta, mai wucewa kuwa sai ya yi ta laluben suna. An sami irin wannan a Pompei ta Italiya, inda lambar take 545.

Wani rubutun kuma ya ambaci sunan sana'ar da kansa. Ya ce isofsefa: Ubangiji 800, bangaskiya 800. Kuriyos, ΚΥΡΙΟΣ, 20, 400, 100, 10, 70, 200. Pistis, ΠΙΣΤΙΣ, 80, 10, 200, 300, 10, 200. Duka biyun 800 cif. Isos yana nufin daidai, fsefos kuma tsakuwa ce, irin wadda suke ƙirga da ita a kan allon lissafi, suke kuma jefa ƙuri'a da ita a kotu. Sharaɗin sana'ar yana cikin sunanta: tsakuwoyin ɓangarorin biyu su zo daidai, babu ragi babu ƙari.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Basmane zuwa Selcuk kimanin kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Da fitowa daga tasha za ka ci karo da dogayen ginshiƙan tsohuwar gadar ruwa ta zamanin Rumawan Gabas, shamuwa ta yi sheƙa a kansu. Masallacin Isa Bey na 1375 yana gindin tudun Ayasuluk, ga wanda sallah ta riska. Kogon da mutanen wurin suke danganta wa Ashabul Kahfi ma yana kan hanyar kangon, ko da yake akwai wasu garuruwan da su ma suke cewa nasu ne kogon.

Kafin kangon Afisa na ratse wurin haikalin allahiyarsu Artemis. Ginin da aka ce yana da ginshiƙai 127, yau ginshiƙi ɗaya ne tsaye, shi ma harhaɗa shi aka yi daga gutsattsari, a tsakiyar fadama mai kwaɗi. A wannan haikali aka ruwaito masanin falsafa Hiraklitus, ɗan garin nan da ya rayu wajen shekarar 500 kafin Miladiyya, ya ajiye littafinsa. Shi ake jingina wa panta rei, wato komai yana gudana. Sai dai wannan lafazi ba ya cikin guntayen maganarsa da suka iso mana. Aflatun ya kawo ra'ayin da wani fi'ili dabam, mai nufin komai yana gusawa, shi kuma lafazin panta rei ana samunsa a wurin Simplikiyus, malamin ƙarni na 6 Miladiyya, bayan shekara dubu. Abin da masana suka fi amincewa nasa ne shi ne: masu shiga koguna, kogunan su ne dai, amma ruwa dabam da dabam ke ta kwararowa a kansu. A ganina wannan ya fi waccan gajeriyar nauyi nesa ba kusa ba, domin ya riƙe abu biyu tare. Kogin yana nan da sunansa da gaɓarsa, kuma saboda ruwan yana sauyawa ne ya zama kogi. Gajeriyar ta ɗauki sauyin ta yar da tabbatar.

Kangon yana da ƙofa biyu. Shiga ta sama ya fi, a gangaro da ƙafa, a bi hanyar da ruwan birnin yake bi. Kusa da ƙofar an jibge bututan yumɓu da aka tono, kowane da baki ɗaya mai faɗi ɗaya siriri, ana cusa wannan cikin wancan a liƙe da farar ƙasa. A cikin wasu za ka ga ɓawon da ruwa ya bari ya ƙuntata hanyar. Ƙasa kaɗan akwai ban-ɗakin jama'a: kujerun marmara a jere, babbar magudana tana wucewa ƙarƙashinsu, siririya kuma ta ruwa mai tsabta a gaban ƙafafu.

Daga saman dandalin wasanni mai cin mutum kusan 25,000 ake ganin abin da kogi ya yi wa garin. Titin tashar ruwa, mai tsawon fiye da rabin kilomita, ya miƙe daga gindin dandalin ya ƙare a cikin kyauro da ciyawa. Teku ta ja baya da kilomita biyar ko fiye. Kogin Kayistros, wanda Turkawa suke kira Kucuk Menderes, shi ya yi ta kwaso laka yana zubawa a bakin tashar. Sarki Atalus na biyu na Fargamus ya sa aka gina shinge aka rage faɗin mashigar, da zaton ruwan zai ƙara zurfi. Strabo, masanin labarin ƙasa na zamanin Rum, ya ruwaito cewa akasin haka aka samu: shingen ya hana igiyar teku wanke lakar, sai ta taru a ciki. A zamanin Sarkin Rum Nero an yi yasa. A ƙarni na 2 wani gwamnan Rum ya kafa doka a jikin dutse yana hana yanka marmara da jibge katako a bakin tashar, saboda garin dutsen yana cike ta. Duk da haka laka ta yi nasara, sauro da zazzaɓi suka biyo baya, mutane suka koma tudu.

A kan matakalar dandalin na fitar da jadawali. Fi'ilin shi ne reo, ΡΕΩ, ina gudana: 100, 5, 800, jimilla 905. Sunan da aka ciro daga gare shi ro'e, gudana, ΡΟΗ: 100, 70, 8, jimilla 178. Akwai ro'os, igiyar kogi, ΡΟΟΣ, 440. Akwai reuma, abin da ya gudana, ΡΕΥΜΑ, 546. Akwai rusis, zuba, ΡΥΣΙΣ, 910.

Ma'anar ta fi ruwan kogi faɗi tun daga farko. A waƙoƙin Homer jini yana gudana a ƙasa ranar yaƙi, makamai suna zubowa daga hannun mayaƙa, gashi yana zubewa daga jiki, kuma maganar dattijo Nestor tana gudana daga harshensa fiye da zuma daɗi, duk da wannan fi'ili ɗaya. Matuƙan jirgi suna cewa kata ro'on idan suna bin ruwa. Aflatun ya yi wa mabiya Hiraklitus laƙabi da masu gudana. Likitoci ne suka fi kowa cin moriyarta. A fahimtarsu jiki yana da ruwaye huɗu, cuta kuma takan zo idan ɗaya ya yi yawa ya malala inda ba wurinsa ba. Wanda ya gangaro daga kai zuwa hanci da maƙogwaro katarrus ne, mura ke nan. Wanda ya ratsa ciki ya wuce diyarroya ne, mu ma da muka ce gudawa daga gudu muka ciro ta. Zubar jini ta dubura haimorroyides, basir. Wanda ya sauka a gaɓoɓi reumatismos. Likita Jalinus, ɗan Fargamus da ke arewa da Izmir, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan, daga littattafansa kuma ilimin ya shiga Larabci. Girkawan yau idan an ɗauke wuta reuma suke cewa ta yanke, suna furta ta rebma. Ilimin nazarin yadda abubuwa masu kauri suke malala, irin su kwalta da fenti, shi ma daga nan aka raɗa masa suna, kuma ƙungiyar masanansa da aka kafa a Amurka a 1929 panta rei ta ɗauka take.

Akwai kalmomin da suke kama da 'yan gidan amma ba su ba ne. Retor, mai jawabi, daga wani tushe yake mai nufin faɗa, duk da cewa magana tana gudana. Sunan allahiyarsu Reya kuwa Aflatun ya danganta shi da gudana, masana harshe na yanzu ba su gamsu ba.

Matakan lissafin ba su da wuya. A rubuta kalmar da manyan haruffa, a share duk alamomin murya da na numfashi domin ba su da lamba, a sa wa kowane harafi ƙimarsa, a tara. Inda ake faɗuwa shi ne kafin a fara tarawa, wajen yanke shawarar wane rubutu za a ƙirga. Ro'os da rus kalma ɗaya ce, ta biyun taƙaitawar mutanen Atina ce, amma ΡΟΟΣ 440 ne, ΡΟΥΣ 770. Rei, yana gudana, ΡΕΙ, 115 ne. A tsohon salon Homer ΡΕΕΙ ne, 120. Doriyawa, wani reshen Girkawa, suna cewa ro'a maimakon ro'e, sai 178 ta koma 171, kuma waɗannan haruffa uku, ΡΟΑ, su ne sunan rumman a bakin mutanen Atina. Murya ce kawai ta raba su, lissafi kuwa ba ya jin murya. Idan ro'e ta zo a matsayin wanda aka yi wa abu, akwai yota da littattafan yanzu suke maƙalawa ƙanana a ƙarƙashin harafi, alhali a dutse cikakkiya ake sassaƙa ta a gefe. Wanda ya ƙirga ta zai sami 188, wanda ya manta zai tsaya a 178.

Sai ro mai ninki. Asalin tushen da s yake farawa, sreu, kamar yadda ya tsira a Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Girkanci ya sauya s ɗin zuwa numfashi a farkon kalma, amma da zarar an liƙa wani abu a gaba sai ro ta ninku. Fi'ilin da Hiraklitus ya yi amfani da shi a maganar koguna, epirrei, ΕΠΙΡΡΕΙ, 310 ne. A bar ro ɗaya ya koma 210. ΔΙΑΡΡΟΙΑ 296 ce. Kuskuren ɗari guda ne duk lokacin da aka yi shi.

Ga wani tarko da ya cancanci a tsaya a kansa. Panta, ΠΑΝΤΑ, 432. A haɗa da rei 115, panta rei ya zama 547. Reuma 546. Ɗaya tak ya raba su, kuma zuciya tana so ta ce ai sun haɗu. Wasu masu wannan lissafi na zamanin yanzu sun halatta wa kansu ƙarin ɗaya ko ragin ɗaya. Ban yarda da wannan ba. Da zarar an buɗe wannan ƙofa, ga kuma zaɓin salon rubutu iri uku ko huɗu ga kowace kalma, babu abin da ba za a iya daidaita shi da wani ba, sakamakon kuma ya tashi daga shaida.

Mutanen da ma sun san inda ake lanƙwasa abin. Artimidorus, mai fassarar mafarki na ƙarni na 2, haifaffen Afisa ne. Ya ce mara lafiya idan ya yi mafarkin tsohuwa alamar mutuwa ce, domin ΓΡΑΥΣ, tsohuwa, 704 ce, fitar da gawa ma 704. Ƙirga ΕΚΦΟΡΑ ita kaɗai ka ga: 696. Sai an ɗora mata harafin Η na tabbatarwa, mai 8, kafin ta kai. Ɗayan misalin nasa ya fi tsabta: ΚΗΛΗ, gwaiwa, da ΖΗΜΙΑ, asara, kowace 66. Shi kansa ya gargaɗi ɗansa kada ya dogara da lamba sai inda ma'anar mafarkin ta riga ta nuna haka ko babu lissafi. Amfanin sana'ar na gaskiya a wurinsu ya fi karkata ga ɓoye suna, gwanintar waƙa, da habaici. Leonides na Iskandariyya yana tsara baitoci biyu-biyu masu jimilla ɗaya. A Rum an yi wa Nero habaici da cewa sunansa, ΝΕΡΩΝ, 1005, daidai yake da jimlar da ke cewa ya kashe uwarsa, kuma lissafin ya fita cif. Mawaƙanmu na Sakkwato ma da wannan dabara suke rufe waƙa da ramzin shekarar Hijira, bisa ƙidayar Magariba inda shin take 1000, shi ya sa ramzin ƙarni na 13 yake zuwa da shin da ra.

Zuwa Militus sai an bi ta Soke, daga nan a hau ƙaramar motar haya da suke kira dolmush a sauka a ƙauyen Balat. Hanyar tana ratsa gonakin auduga shimfiɗe, kuma duk wannan fili a da teku ne. Kogin Mayandros, Buyuk Menderes a yau, mai yawan lanƙwasa har sunansa ya zama kalmar karkacewa a harsunan Turai, shi ya cike shi. Birnin da yake da tashoshin ruwa huɗu yanzu yana nesa da gaɓa da kusan kilomita goma. Daga saman dandalin wasanninsa ana hango wani tudu a tsakiyar gonaki: tsibirin Lade ke nan, inda jiragen Farisa suka ci na Iyoniya a 494 kafin Miladiyya. Ragowar mashigin tekun da laka ta datse shi ne Tafkin Bafa. Garin Talis ne wannan, wanda ya ce ruwa ne asalin komai, kuma da sunan garin masana suke kiran tsarin lambobin haruffa 27.

Kogin da tsoffin suka fi so su ƙirga ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Nilu ne. ΝΕΙΛΟΣ: 50, 5, 10, 30, 70, 200, jimilla 365, adadin kwanakin shekara, ga kogin da ambaliyarsa take zuwa sau ɗaya kowace shekara. Marubuci Heliyodorus ya kawo wannan. Shi ma sai an rubuta shi da ΕΙ. Da yota kaɗai 360 zai ba da.

A jikin bangon dandalin ta waje akwai wani rubutu na ƙarshen zamanin Rum da yake jera wasula bakwai, Α Ε Η Ι Ο Υ Ω, ana juya jerinsu daga gida zuwa gida, da roƙon manyan mala'iku su tsare birnin Militus da mazaunansa. Wuri ne mai kyau na koyon karatun dutse, domin haruffan manya ne. Ido da ya saba da boko zai yi tuntuɓe a wurare sanannu: Ρ ro ce ba p ba, Η eta ce mai 8, Χ 600 ce, kuma sigma a rubutun zamanin Rum sau da yawa kamar C ake sassaƙa ta. A littattafan bugu kuma alamar 6 ta koma ϛ, mai kama da sigmar ƙarshen kalma, ς, wadda take 200. Ba a raba kalmomi a dutse, saboda haka lamba takan zo da ɗan layi a samanta don a bambanta ta da magana. Hasken safiya ko na la'asar, mai zuwa a karkace, shi yake fito da sassaƙar da ta lalace. Da tsakar rana dutsen fari fat yake zama.

Ƙasan birnin, wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa da ake kira ta zakuna da haikalin Apollo, ruwa yakan kwanta a cikinsa daga hunturu har bazara, ginshiƙai su tsaya cikin tafki. Mai son taka wurin da karanta rubutun da ke gindin ginshiƙan ya zo a ƙarshen zafi, daga Agusta zuwa Oktoba. Masallacin Ilyas Bey na 1404 yana gefen kangon, an gina shi da marmarar tsohon birnin. Motocin komawa Soke suna ƙaranci da yamma, don haka a tambayi direba lokacin ta ƙarshe tun wajen sauka.